Shanyar Tattasai a Fakon Kurna

Kai mai karatu, in kana da ɗa a nesa, ka kiyayi alƙalami a ranar fushi. Maganar baki tana tafiya tare da fuska, ɗa ya dube ka ya gane ba har zuci ba ne. Takarda ba ta da fuska. Yadda ka aje ta haka za ta isa, haka za a karanta ta yau, a sake karanta ta gobe. In kuma kai ne ɗan da aka tura karatu har aka ba ka aikin tsara wa gari makoma, ka sani ƙasa ba ta nuna duk abin da take a wata ɗaya.

Ni ce Ya Fanna, matar marigayi Malam Modu. Mutanen bakin kogin Komadugu ne mu, daga wani ƙauye a karkarar Tumur, tashin hankalin shekarun baya ya maido mu cikin garin Difa. Na yi lakkwal, wato makarantar boko, har aji huɗu na kwaleji. Ɗana Abdullatif yana aiki a Yamai, a wani biro, wato ofis, na masu tsara birane. Wasiƙu biyar ne nan, biyu nasa, uku nawa, domin duk wadda na rubuta sai na kwafe ta kafin in ba Mahaman direban bis. Ban gyara ko kalma ɗaya ba, har da wuraren da ban kyauta ba.

*

Yamai, 9 ga Oktoba

Zuwa ga mahaifiyata Ya Fanna,

Bayan gaisuwa da ladabi, ina fata takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya gwiwar? Kina shan maganin da aka rubuta miki, ko kin koma wa saiwoyinki? In kun yi waya da Yaya Safara'u a Maine ki gaishe ta da yara. Ni lafiya lau, sai mura da ta ɗan taɓa ni ta wuce.

Ya, albishir gare ni. Hukumar garinmu tana son jerin ayyukan da za ta sa gaba cikin shekara biyar masu zuwa, kuma bironmu aka ba aikin tsarawa. Shugabana ya kira ni ya ce, "Kai ɗan can ne, kai ne idonmu." Na fito daga wajensa ina ji kamar in hau bis in zo in faɗa miki da baki.

Mun sa magudanan ruwa a farko, don kin san abin da damina take yi wa unguwannin gangare. Sai gudron, wato titin kwalta, daga kasuwa zuwa babbar hanya, fitilu masu aiki da rana, wuraren zuba shara, da filin wasa na matasa, waɗanda zaman banza ke cinyewa a bakin titi. Amma wanda ya fi kwanta mini a rai shi ne sabuwar tasha. Ranar kasuwa manyan motoci suna toshe gari, mai kaya ba ya shiga, mara lafiya ba ya fita. In aka fitar da su, masu abinci da masu faci da 'yan dako za su samu wurin sana'a, gari kuma ya samu kuɗin shiga. Ke ma rumfarki ta kasuwa za ta huta da hayaƙi.

Wurin tashar ni na samo shi da kaina. Kin san babban fakon nan na bayan gari, mai kurna guda a tsakiya? Da na zo hutu a watan Agusta na zagaye shi da ƙafa, na auna. Ba gida, ba gona, ba kabari, sai kududdufai da awaki. Ƙasa ce mai tauri, ba ta bukatar ciko. A taswira na ba shi lamba goma sha huɗu, na rubuta a gefensa: babu mai amfani da shi. Shugabana ya ce wannan layi kaɗai ya rage wa aikin wahalar wata shida.

Tun da na fara aiki, duk abin da nake yi a takarda yake ƙarewa. Wannan ne na farko da za ki iya gani da idonki, ki ce ɗana ne ya zaɓi wurin nan. Ki sa mini albarka.

Ɗanki,
Abdullatif

*

Difa, 2 ga Nuwamba

Abdullatif,

Na amsa gaisuwarka. Gwiwa tana nan yadda ka bar ta, magani ina sha. Safara'u lafiya, ƙaramarta ta yi haƙori. Ruwan kogi ya cika bana amma bai shigo mana ba, mun gode Allah.

Takardarka na karanta ta sau uku. A na farko na yi murna. A na biyu na tsaya a lamba goma sha huɗu. A na uku na cire tabarau na aje, don na gane ba idona ne ke da laifi ba.

Wa ka tambaya? Wannan kaɗai nake son ka amsa. Ka zagaye fili da ƙafa, ka ga awaki. Awakin ne suka ce maka babu mai amfani da shi? Akwai gidaje a bakin fakon nan, da tsofaffi zaune a ƙofa. Sallama ɗaya da ta ishe ka. Ubanka bai taɓa zama a aji ba, amma ko kara ba ya ɗauka a gonar wani sai ya nemi mai ita. Ban tura ka Damagaram da Yamai don ka dawo kana auna ƙasar mutane kamar wanda ya sauko daga jirgi ba.

Tun da ba ka sani ba, bari in karantar da kai. Maza suna noman tattasai a bakin kogi, amma tun tashin hankalin nan ba mai zama can ya yi gadin shanya. Ɗanye ake kawo shi gari a amalanke da motoci. Ranar da ya zo, ranar za a baza shi, in ya kwana biyu a buhu ya ruɓe. Yana son ƙasa mai tauri wadda rairayi ba ya tashi, ba inuwa, rana daga safe har la'asar, kwana goma sha biyar zuwa ashirin, ana juya shi da manjagara sau biyu a yini. A duk kewayen garin nan wuri ɗaya ne yake da wannan hali, shi ne wanda ka ce babu kowa. Daga Disamba zuwa Maris mata sama da sittin ne a kansa. Yawancinsu 'yan ƙauyukan bakin kogi ne irinmu, da matan Fulani waɗanda shanunsu suka ƙare, da waɗanda suka tsallako daga ƙetare. A hannunsu nake sayen abin da nake sayarwa. Ba su da takardar fili. Abin da suke da shi tsintsiya ce, wadda suke share shi da ita kowace shekara.

Ban ƙi magudananka ba, ban ƙi fitilunka ba. Amma ka gaya mini, motocin da za ka gina wa tasha, me za su ɗauka in babu busasshen tattasai? Iska? Mai tsara gari ya kamata ya fara sanin abin da garin yake ci. Ku kun fara da inda motoci za su tsaya.

Ka nemi albarka. Ba na sa albarka a kan abin da zai tashi marayu daga abincinsu. Layin nan da shugabanka ya yaba ƙarya ce, ko ka sani ko ba ka sani ba, kuma da hannun ɗan Malam Modu aka rubuta ta. Kada ka tako ƙofar gidana sai ka goge shi.

Mahaifiyarka,
Ya Fanna

*

Difa, 4 ga Janairu

Abdullatif,

Ina gaishe ka, ko da yake kai ne ya kamata ka fara. Ina fata kana lafiya. Ni sanyi ya tayar da gwiwa, sai da na yi kwana uku ina salla a zaune. Na samu sauƙi.

Wata biyu ke nan. Duk ranar da bis ɗin Yamai ya shigo ina aika a duba. Har Mahaman ya fara kauce wa idona. Ran nan ya ce, "Ya Fanna, wallahi da ni nake rubutawa da na rubuto miki." Na ce masa ya kula da sitiyarinsa. Na san ka buga waya sau biyu. Ina zaune kusa da ita ta yi kukanta ta gaji. Maganar da aka yi da takarda, takarda ke amsa ta. Haka na koya maka, ba zan sauka daga kai ba don ka ji nauyin alƙalami.

Shanya ta kankama. An yi tsinka ta biyu, fako ya cika har gindin kurna. Labarin tasha kuma ya shiga gari, an ce za a kira taron jin ra'ayin jama'a a meri, ofishin magajin gari, cikin watan gobe. Ban san wanda ya faɗa ba, amma mata sun san ɗana yana cikin masu taswirar. Shekaranjiya na je can, Mariyama Bafulatana ta hango ni ta dogara da manjagara ta ce, "Babarbariya, an ce ɗanki ya rubuta babu kowa a nan. To mu aljanu ne? Ki ce masa in zai zo ya taho da turare." Aka yi dariya. Na ce mata, "Ke da ba ki san tattasai ba sai da Barebari suka koya miki, har kin samu bakin magana?" Ta ce, "Kun koya mana shanya, ɗanku zai koya mana tashi." A nan ba wanda ya yi dariya. Na juya na ba ta wuri, ni da ba a taɓa rufe mini baki a wasan Fulani da Barebari ba.

Gidan nan ya yi girma. In na dawo na buɗe ƙofa, kaji ne kawai ke tarye ni. Har yanzu hannuna bai koyi awon mutum ɗaya ba, kullum burabusko sai ya kwana. Na shiga ɗakinka na kakkaɓe littattafanka na lise, na babbar sakandare, na tarar gara ta fara cin na ƙasa. Na ɗora su a kan bulo. Ba don kai na yi ba, littafi ba ya da laifi.

Safara'u ta ce na cika zafi. Ta ce tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Na ce mata ta riƙe karin maganarta ta yi wa 'ya'yanta. Duk da haka na zauna na sake karanta kwafin takardar da na aiko maka. Abin da na faɗa game da fako yana nan, ko wasali ban janye ba. Amma maganar ƙofa, ɗa mai hankali ya san uwa takan faɗi abu da hannu zuciyarta ba ta sa hannu ba. Ƙofar nan ko sakata mai kirki ba ta da ita. Ban ce ka zo ba. Na dai ce ban taɓa korar kowa daga cikinta ba.

Ka rubuto, ko layi biyu ne, in san kana da rai.

Mahaifiyarka,
Ya Fanna

*

Yamai, 14 ga Janairu

Zuwa ga mahaifiyata Ya Fanna,

Ina gaishe ki da ladabi. Na ji maganar gwiwa, Allah ya ƙara sauƙi. Ki daina wanka da ruwan randa da safe, ki ɗumama. Ni lafiya.

Takardarki ta huɗu ga wata, jiya na same ta a kan teburina. Ranar da ta kama hanyar Yamai, ni kuma ina kan hanyar Difa. Wataƙila mun yi saɓani da ita a wajen Gure. Ya, na zo Difa. Kwana huɗu na yi. A masaukin baƙi na sauka tare da abokan aiki, ina jin kiran sallar masallacin unguwarmu, na san muryar ladan. Sau biyu na zo har bakin lungunmu na ga ƙofar. Kin ce kada in tako sai na goge layin, kuma a lokacin ban goge ba. Ban taɓa sanin kin faɗi magana wadda ba ita kike nufi ba. Ban san ta inda zan fara sani ba.

Shirun da na yi ba raini ba ne. Na fara amsa sau huɗu ina yagewa, don duk abin da na rubuta sai ya fito kamar gardama. Na ga gara in je in gani. Na roƙi shugabana ya sa ni cikin masu zuwa awo na ƙarshe.

Na gani. Mun iso da hantsi, na sauka daga mota na kasa gane wurin. Jan tattasai tun daga bakin hanya har inda ido ya tsaya, an raba shi layi-layi, kowace mace ta san iyakarta ba tare da turke ko igiya ba. Abokin aikina ya buɗe taswira ya dube ni ya ce, "Nan ne babu kowan?"

Kin tambaye ni wa na tambaya. Ban tambayi kowa ba, wannan laifina ne, na ɗauka. Amma ki yi mini izini in faɗi ɗaya. Lokacin da kuka baro ƙauye ina lise a Damagaram. Daga ranar zuwa yau shekara goma, ban taɓa ganin Difa tsakanin Oktoba da Yuni ba. Duk ƙaramin hutu ke kike rubuto mini: hanya ba kyau, zauna ka yi karatu, ba abin da ake yi a gida. Difar da na sani ta damina ce. Aka ce ni ɗan gari ne, ni ma na yarda, ashe wata uku kawai na sani a cikin sha biyu.

Akwai kuma abin da ya fi wannan. Kin ce mini a rumfa kike zama, a hannun mata kike saye. Ya, na gan ki. Layi na bakwai daga kurna, wajen gabas. Kina duƙe kina tsince ruɓaɓɓu, in za ki miƙe sai kin dafa manjagara kin ɗan tsaya. Kwana uku ina zuwa ina tsayawa daga nesa ina rubuta sunayen mata da ƙauyukansu. Na je kasuwa na nemi rumfarki, aka ce ba a taɓa sanin kina da rumfa ba. Da wannan gwiwar kika yi shekara goma. Me ya sa ba ki faɗa mini ba?

Na goge layin. A madadinsa na rubuta shafi uku: yawan mata, watannin aiki, da yadda motocin da ake son yi wa tasha rabin kayansu daga fakon nan yake fitowa. Na ba da shawarar a sa daɓen siminti na shanya da ɗakin ajiya a cikin manyan ayyuka. Amma ban janye tasha ba, kuma ba zan ɓoye miki ba. Ranar kasuwa na ga mace mai naƙuda a cikin adaidaita ta maƙale bayan tirela kusan sa'a guda. Garin yana bukatar duka biyun. Na nuna inda za a iya yankar gefen hanya a bar sauran.

Shugabana bai ji daɗi ba, don aikin ya koma baya. Ya karɓi shafukan, ya cire ni daga dosiyen aikin Difa ya ba ni na wani gari. Ba zan zo taron ba. Wata abokiyar aikina, Farida, ita za ta karanta. Ki je, Ya. Takarda ba ta isa ba in ba a ga masu ita ba.

Ɗanki,
Abdullatif

*

Difa, 21 ga Fabrairu

Ɗana Abdullatif,

Ina gaishe ka. Ina fata kana lafiya, kana cin abinci mai kirki ba burodi da shayi ba. Ina ɗumama ruwan. Gwiwa da sauƙi.

Na jinkirta amsa ne don in haɗa maka da labarin taro. Wannan shi ne dalilin da zan faɗa wa mutane. Na gaskiya shi ne takardarka ta yi kwana tara ƙarƙashin matashina ban iya sake buɗe ta ba.

Washegarin zuwanta na je fako, na tarar da Mariyama, na ce mata ɗana ya zo garin nan ya koma ban gan shi ba. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Dogon nan mai littafi? Ni na kai masa ruwa." Na ce, "Kin san shi ne?" Ta ce, "Babarbariya, wa zai ga kunnuwan nan bai san na gidanku ba ne? Ya tambayi sunan kowace mace a fakon nan, naki kaɗai bai tambaya ba. Na ce masa ga uwarka can, je ka gaishe ta. Ya ce ba a ba shi izini ba. Ya roƙe ni in yi shiru." Na ce, "Kuma kika yi?" Ta ce, "Ke kika haife shi, ke kika koya masa cika magana. Ni me zan yi?" Na ɗauki manjagara na koma layina. Ranar tattasai ya sha juyi har sau huɗu.

An yi taron ranar Laraba. Mu arba'in da uku muka je, muka bar sauran suna gadin shanya. Zauren ya cika da 'yan kasuwa da direbobi da matasa da masu unguwanni. An karanta jerin ayyuka, kowa yana jan nasa. Mutanen gangare suka ce magudanai ko ba komai. Matasa suka ce kullum su ne a ƙarshen takarda. Shugaban direbobi, Alhaji Sa'adu, ya tashi ya ce tattasai ba ya da ƙafa amma ana iya ɗaukarsa a kai wani wuri, mota kuwa sai inda hanya take. Sai Farida ta karanta shafukanka. Yarinya ce mai natsuwa. Da ta zo kan sunaye ba ta tsallake ko ɗaya ba, har da ƙauyukan da yanzu babu kowa a cikinsu. Wata tsohuwa a bayana da ta ji sunan garinsu sai ta ja mayafi ta rufe fuska.

Aka ba ni magana. Na ce, "Alhaji Sa'adu, jiya motarka buhu nawa ta ɗauka daga layina?" Ya ce, "Ya Fanna, ba a tona asiri a meri." Aka yi dariya. Na ce ba mu zo hana tasha ba, mu ma 'ya'yanmu mata suna naƙuda. Mun zo ne a rubuta cewa muna nan. Na faɗa da Hausa, na maimaita da Barbarci, na kuma faɗa da Faransanci don mai rubuta rahoto kada ya ce bai ji ba.

Ga abin da aka tsayar. Tasha za ta ci kashi ɗaya cikin uku, gefen hanya, kamar yadda ka nuna. Sauran an ce za a yi masa takarda da sunan ƙungiyar mata masu shanya, wadda sai yanzu za mu kafa. Daɓen siminti ya shiga jeri, shi ne na huɗu, bayan magudanai da tasha da gudron. Yaushe za a kai kansa, Allah ya sani. Mata goma sha tara sun rasa layinsu, Mariyama tana ciki. Mun zauna mun matsa, kowa ta rage taku biyu. Yanzu tana gefena, ba ni da sauran hutun kunne. Ba nasara ce cikakkiya ba, amma ba a tashe mu ba.

Ka tambaye ni me ya sa ban faɗa maka ba. Lokacin da muka iso garin nan ubanka bai yi shekara ba ya rasu. Na nemi aiki da takardar kwalejina, aka ce ta tsufa. Na je fako. Na san halinka, da ka ji da ka aje karatu ka zo ka karɓi manjagara. Shi ya sa na ƙirƙiri rumfa, shi ya sa nake hana ka zuwa a watannin shanya. Hanya ba kyau, gaskiya ne, amma ba ita kaɗai ba ce. Daga baya kuma kunya ta hana ni warwarewa. Na rufe maka ido shekara goma, sannan na yi maka faɗan rashin gani. Na kira layinka ƙarya alhali tawa ta girme shi. Na nemi gafarar Allah. Taka kuma, uwa ba ta saba roƙo ba, ka ɗauka na roƙa.

Albarkar da ka nema a Oktoba na sa maka. Allah ya yi maka albarka, ya sa garin da aka ba ka ya amfana da kai. Ka je ka gan shi a rani da damina kafin ka rubuta masa komai. Tsinka ta ƙarshe tana cikin Maris. In biro zai ba ka sati ɗaya, ka zo ka ga yadda ake ɗure buhu.

Abu ɗaya ne har yanzu ya tsaya mini a wuya: kwana huɗu a garin nan, ɗana yana cin shinkafar mai tebur, ni ina zubar wa kaji tuwo. Saboda haka ga dokar da ni mahaifiyarka, Ya Fanna, na kafa a gidan Malam Modu daga yau. Na karanta wa Safara'u ita a waya, dokar ta hau kanka, ta hau kan Safara'u, ta hau kan 'ya'yanku, ta hau kaina kafin kowa. Duk ɗan gidan nan da ya shigo Difa, ko da laifi a kansa, ko da fushina a kansa, ko da ni ce na rubuta da hannuna na ce kada ya zo, a gidan nan zai sauke jakarsa, a gidan nan zai ci abinci. Faɗa sai bayan an wanke hannu.